Zuwa ga Edita: Yaushe Mai Girgizar Ƙwaƙwalwa Zai Koma Motsa Jiki?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata lalura da ta same ni, wadda na lura cewa shawarar da aka fi bai wa masu fama da ita, duk da cewa da zuciya ɗaya ake bayar da ita, takan ƙara wa jinyarsu tsawo ne maimakon ta rage. Lalurar ita ce girgizar ƙwaƙwalwa, wato abin da ke samun mutum idan ya bugu a ka, ko kuwa jikinsa ya fizgu da ƙarfi har ƙwaƙwalwar ta jijjiga a cikin ƙoƙon kai, kuma wadda nake nufi musamman ita ce mai alamomin da ke ƙin tafiya bayan an yi makonni ko watanni. Ni dai ba likita ba ne, majinyaci ne da wuya ta koya wa yawan tambaya da karance-karance, saboda haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin ganin likita ba. Tambayar da ta dame ni tsawon jinyata ita ce lokacin da ya kamata mutum ya koma motsa jiki, da kuma yadda zai koma ba tare da ya ɓallo wa kansa ruwa ba.

Ina da shekara 40 lokacin da santsi ya kwashe ni a bene, ƙeyata ta daki bakin matakala. Ban suma ba, ko ɗigon jini bai fita ba, na miƙe da kaina na kakkaɓe rigata har ina yi wa kaina dariya. Sai da gari ya waye na ji kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutse, haske yana sukar idanuna, in na waiwaya da sauri ɗakin ya riƙa juyawa da ni, in kuma na karanta layi uku sai in nemi na farkon in rasa. A asibiti aka ɗauki hoton kaina, aka ce babu karaya, babu kuma jinin da ya taru. Daga baya na fahimci cewa haka lamarin yake ga akasarin masu wannan lalura: mafi yawansu ba sa suma, hoton da ake ɗauka kuma ba ya nuna komai, domin abin da ya taɓu shi ne yadda ƙwaƙwalwar ke aiki, kuma wannan ba ya fitowa a hoto. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan shiga buƙatar ƙarin kuzari domin su daidaita kansu, a daidai lokacin da tsarin da ke kai musu jini gwargwadon buƙata ya rikice.

Likitan da ya fara duba ni ya ce, "Malam, ka je ka kwanta, kada ka yi komai sai ka ji ka warware sarai." Na riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Uwargida ta rataya bargo a kan labulen taga domin kada haske ya shigo, yara suka koma tafiya da sanɗa a cikin gidansu, ni kuwa na yi mako shida a kwance ina jiran ranar da zan farka garau. Ranar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne barcin rana da ido biyu da dare, da saurin fushi, da wani irin ƙunci da ban taɓa sani ba, domin wanda ba shi da aikin yi sai sauraron ciwon kansa ba zai rasa jin sa ba. Ni da nake sassarfa kusan kowace safiya, nake kuma buga ƙwallo da abokai a ƙarshen mako, sai ga shi hawa benen nan da ya kayar da ni yana sa ni haki. Masu zuwa dubiya kuwa, ganin babu bandeji babu kumburi, sai su ce, "Ai ga ka nan lafiya lau," wanda hakan ya fi ciwon kan ci mini rai.

Da na ƙosa, sai na yi abin da masu irin halina suka saba yi. Wata safiya na ɗaura takalmi na fita gudu da ƙarfina, da nufin in nuna wa jikin nan cewa ni ke da iko da shi. Ban cika minti goma ba kaina ya fara sarawa kamar ana dukan ganga a ciki, zuciyata ta tashi, na tsuguna a gefen hanya ina jiran jiri ya sake ni. Kwana biyu na yi ban iya ɗaga kai daga matashi ba, na kuma tabbatar wa kaina cewa motsi shi ne abokin gabana. Sauri ya haifi nawa, kamar yadda ake faɗa, amma darasin da na ɗauka daga wannan faɗuwa shi ma kuskure ne, kuma da na zauna a kansa da wataƙila har yau ina bayan bargon nan.

Shawarar kwanciya har sai an warke tsohuwar shawara ce, kuma shekaru da dama ita ce likitocin duniya suke bayarwa, don haka ban riƙe likitan farko da laifi ba. Sai dai bincike ya riga ya wuce ta. A 2015 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka a kan yara da matasa masu shekara 11 zuwa 22, inda aka umarci wani rukuni da cikakken hutu na kwana biyar, ɗaya rukunin kuma da hutun kwana ɗaya ko biyu sa'an nan su koma harkokinsu a hankali. Waɗanda aka tsare kwana biyar su ne suka fi kokawa da alamomi, su ne kuma alamominsu suka fi jinkirin tafiya. A 2016 wani nazari a Kanada da ya bi yara fiye da 2,400 ya gano cewa cikin waɗanda suka fara motsa jiki a makon farko, kusan kashi 25 cikin 100 ne ke da sauran alamomi bayan kwana 28, alhali cikin waɗanda ba su motsa ba adadin ya kusan kai kashi 44. Mai hankali zai iya cewa wataƙila waɗanda suka motsa da wuri dama ciwonsu bai yi tsanani ba ne, kuma wannan ƙorafi ne mai ma'ana. Amsarsa ta fito ne daga Jami'ar Buffalo da ke jihar New York, inda Dokta John Leddy da Farfesa Barry Willer suka daɗe suna aiki a kan wannan batu. A 2019 suka raba matasa 103 masu shekara 13 zuwa 18 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka sa wasu motsa jiki na minti 20 kullum bisa ma'auni, wasu kuma miƙe gaɓɓai kawai. Matsakaicin lokacin warkewar rukunin farko kwana 13 ne, na biyun kuwa 17.

Ga mu da alamominmu suka riga suka daɗe, aikin da waɗannan masana suka wallafa tun 2010 shi ya fi shafar mu. Mutum 12 ne kacal a cikinsa, dukkansu sun haura mako shida suna fama, aka ɗora su a kan motsa jiki na ƙa'ida kwana biyar ko shida a mako, alamominsu suka ragu, babu kuma wanda ya sami wata illa. Bayanin da suke bayarwa shi ne, girgizar kan dagula sashen jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya, da hawan jini da saukarsa, da yawan jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa, ba tare da mutum ya sani ba. Idan aka yi motsi mai ƙarfi, jinin da ke hawa kai kan wuce yadda ya kamata, sai ciwon kai da jiri su taso. Doguwar kwanciya kuma ita kanta tana ƙara raunana wannan sashe, ko da a jikin mai cikakkiyar lafiya ne. Motsi daidai gwargwado, wanda bai kai inda alamomi ke tashi ba, shi ke sake horar da shi. Taron masana na duniya karo na shida a kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, wanda aka yi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a watan Oktoban 2022, ya tsaya a kan cewa hutun farko na awa 24 zuwa 48 ne kawai, shi ma ba na kwanciya a duhu ba, a rage kallon waya da talabijin a cikinsa, daga nan a fara tafiya a ƙasa a hankali. Taron ya kuma ce wanda alamominsa suka wuce mako huɗu, yaro ne ko babba, ya kamata a sake bincikarsa sosai.

Ni dai Allah ya haɗa ni da wata likitar fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki da gaɓɓai, da ta san wannan hanya. Ta ɗora ni a kan keken motsa jiki irin wanda ake tuƙawa a wuri ɗaya, ta maƙala mini na'urar auna bugun zuciya, ta ce in ba ciwon kaina maki daga sifili zuwa goma, sifili babu komai, goma kuwa mafi tsananin da zan iya tunani. Na ce biyu. Ta riƙa ƙara wa keken nauyi kaɗan-kaɗan, kowane lokaci tana tambayata, "Malam, yanzu nawa ne?" Ina ta cewa biyu, sai uku, har lokacin da na ji ƙeyata ta ɗaure, na ce biyar. Ta dubi na'urar, bugun zuciyata ya kai 130 a minti ɗaya, ta ce, "Ya isa, sauko." Ta ɗauki biro ta fitar da kashi 80 cikin 100 na wannan adadi, wato 104, ta ce wannan shi ne maganina: minti 20 kullum, tafiya ko keke, kada bugun ya wuce nan. Da na ce ba ni da agogon da ke auna bugun zuciya, sai ta kama hannuna ta ɗora yatsuna biyu a tsintsiyarsa ta ɓangaren babban yatsa, ta ce in ƙirga na daƙiƙa 15 in ninka sau huɗu. Ashirin da shida ke nan. Na yi watanni ina tsayawa a tsakiyar tafiya, ido a kan agogo, leɓe yana motsi, masu wucewa suna kallona kamar wanda ya ɓatar da wani abu.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, da farko na raina abin. Bugu 104 ga wanda ya saba gudu tafiyar zuwa aike ce kawai, kuma abin da ya fi wuya a makonnin farko shi ne hana kaina ƙarawa a ranar da na ji daɗin jikina. Ƙa'idar da ta ba ni, wadda daga baya na ga ita ce ta taron Amsterdam, ita ce idan alamomi suka ƙaru da maki ɗaya ko biyu a kan inda suke kafin a fara, suka kuma lafa cikin awa guda, to babu laifi, ba a yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna ba. Idan kuwa suka wuce haka, a tsaya, a sake gwadawa washegari da ɗan sassauci. Wannan ƙa'ida ta cire mini tsoron da ya fi komai ɗaure ni, domin a da ko ɗan sarawa kaina ya yi sai in ɗauka na koma gidan jiya. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta makin kafin tafiya, da na bayanta, da awannin barcin daren jiya. Duk bayan mako biyu takan ƙara mini bugu biyar zuwa goma idan littafin ya nuna na jure. Akwai makonnin da ba a ƙara komai ba, akwai ma wanda aka rage, kuma littafin ne ya nuna mana cewa munanan ranakuna kusan kullum suna biyo bayan ƙarancin barci, ko tafiya cikin zafin rana ba tare da na sha isasshen ruwa ba. Ta hana ni shan maganin ciwon kai gab da fita, domin yana rufe ma'aunin da muke dogara da shi, ta kuma ja kunnena cewa shan irin waɗannan magunguna rabin kwanakin wata ko fiye, wata da watanni, shi kansa yana haifar da ciwon kai na daban. Ɗaga ƙarfe kuwa, da duk abin da ke sa mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, sai can baya ta yarda da shi, shi ma da marar nauyi.

Wani abin da tafiyar ba ta magance ba shi ne jirin da ke kama ni idan na juya kai, ko na shiga wurin da jama'a ke kai da komo. Ashe bugun da ya isa ya girgiza ƙwaƙwalwa ya isa ya wahalar da wuya, da kuma sashen cikin kunne da ke riƙe da daidaiton tsayuwa da gani, kuma ciwon waɗannan yana kama da na ƙwaƙwalwar har a kasa bambance su. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Calgary ta Kanada, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa cikin mutum 15 da aka yi wa aikin wuya da na daidaito, 11 sun sami izinin komawa wasa cikin mako takwas, alhali cikin 14 da ba a yi wa ba mutum ɗaya ne ya samu. Ni an sa ni in miƙa hannu, in kafa ido a kan farcen babban yatsana, in riƙa juya kai dama da hagu ba tare da na ɗauke idon ba. Daƙiƙa goma na iya a ranar farko kafin in nemi bango in dafa.

A nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin kada a ɗauki maganata a kai ta inda ban aike ta ba. Motsa jiki a matsayin magani daban, komawa fagen da za a iya sake buguwa a ka daban. Tsarin komawa wasa da masana suka amince da shi mataki shida ne, kowanne aƙalla awa 24, kuma ga mai daɗaɗɗun alamomi mataki ɗaya na iya cin makonni. Ana farawa da harkokin yau da kullum, sai motsi marar nauyi da bai wuce kimanin kashi 55 cikin 100 na ƙololuwar bugun zuciya ba, sai matsakaici zuwa kashi 70, waɗannan biyun duk a cikin mataki na biyu suke. Ana ƙiyasta ƙololuwar ne ta hanyar cire shekarun mutum daga 220, wato ga mai shekara 40 ta zama 180, iyakokin biyu kuma 99 da 126. Bayan haka sai atisayen wasan da mutum ke yi, shi kaɗai, inda ba mai bangazarsa. Matakai ukun ƙarshe, wato atisaye da abokan wasa, da atisaye mai haɗa jiki, da wasan kansa, ba a shiga su sai alamomi sun tafi gaba ɗaya, har a lokacin motsi mai ƙarfi, kuma da izinin likita. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba ta fi saurin sake girgiza, kuma a wasu lokuta, ko da yake ba kasafai ba, bugu na biyu kan sa ta kumbura har a rasa rai, musamman ga matasa. Haka ta faru da Rowan Stringer, ɗaliba 'yar shekara 17 a birnin Ottawa da ke lardin Ontario na Kanada, wadda ta rasu a watan Mayun 2013 bayan ta bugu a ka fiye da sau ɗaya cikin 'yan kwanaki a wasan zari-ruga, ba ta kuwa gaya wa iyayenta ko mai horar da ita abin da take ji ba. A 2018 lardin Ontario ya kafa doka da sunanta. Masu bin ƙwallon ƙafa kuma za su tuna Jan Vertonghen na Beljiyam, wanda ya yi karo a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin Tottenham da Ajax a 2019, ya koma fili, aka sake fitar da shi a rirriƙe, daga baya ya bayyana cewa wata tara ya yi yana fama da jiri da ciwon kai alhali yana ci gaba da buga wasa. Ƙwararren ɗan wasa ke nan mai likitoci a gefensa, balle yaron da ba mai duba shi sai abokansa.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu lissafin maki, ba a kuma jira gobe: ciwon kai mai ƙaruwa babu sassauci, amai a kai a kai, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, gani biyu-biyu, ruɗewa, ko barcin da ake tashin mutum ya ƙi tashi. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu asibiti ya kamata ya nufa nan take. Haka kuma mai ciwon zuciya, ko mai shan irin maganin hawan jinin da ke rage bugun zuciya, lissafin da na kawo ba zai yi masa daidai ba, kada ya ɗauke shi daga jarida ya yi aiki da shi sai likitansa ya tsara masa nasa.

Roƙona ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne, idan za su ce wa majinyaci ya huta, su faɗa masa kwana nawa, su kuma faɗa masa abin da zai yi bayan kwanakin, da ranar da zai dawo idan bai ji sauƙi ba, domin jimla ɗaya da aka bari a buɗe ita ta ci mini mako shida. 'Yan uwa kuma, maimakon rataya bargo a taga, su raka marar lafiyar tafiyar minti goma da yamma, su taya shi ƙirga. Ina kuma fatan filinku na kiwon lafiya zai gayyato likitan ƙwaƙwalwa ko na fisiyo ya yi wa jama'a wannan bayani fiye da yadda na iya, har da masu horar da yara wasanni a makarantu.

A yanzu, wata bakwai bayan faɗuwata, ina sassarfa ta minti 30 ba tare da kaina ya motsa ba, littafin kuma ya kusa cika. Takalman ƙwallona suna nan a ƙarƙashin gado inda na tura su, abokai kuma ba su fasa tambayata ranar dawowa ba. Likita ta ce in zo mako mai zuwa ta sake ɗora ni a kan keke har ƙarshen ƙarfina, in na wuce ba tare da alama ba, za ta bar ni in fara taɓa ƙwallo ni kaɗai, amma ban da sa mata kai.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum.